Kafin ku hau dutse a hunturun Sikotlan

Ƙannena 'yan Sakkwato masu shirin tafiya karatu Sikotlan, ba zan tsaya kan biza da gidan haya ba. Mutanenmu na Gilasgo sun iya karɓar baƙo, ba su taɓa barin ɗan gida ya kwana a tasha ba. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya daban ne: yaro ya sauka, ya ga hoton dusar ƙanƙara a Facebook, kafin sati ya zagayo ya bi 'yan ajinsu hawan dutse da wandon jins da kambas.

Ben Nevis, dutse mafi tsawo a Birtaniya, mita 1,345 ne. Hawa da sauka kan ci awa 7 zuwa 9 ko a lokacin zafi, ga shi a Disamba rana na faɗuwa kafin ƙarfe 4. Ku yi lissafi da kanku. Duk mita 150 da ka hau, sanyi na ƙaruwa da kusan digiri ɗaya, ban da iska. A 1986 an auna gudunta a kan dutsen Cairn Gorm ya kai kilomita 278 a awa. Sabon zuwa ba shi da abin nema a ƙololuwa, ya tsaya a hanyoyin gindin dutse tare da wanda ya san wurin.

Tufafi kuwa, auduga ce matsalar. Za ka yi gumi kana hawa, singileti ya jiƙe, da ka tsaya hutawa sai ya zuƙe ɗumin jikinka. A sa na ulu a ciki, suwaita a kai, sannan rigar da iska da ruwa ba sa ratsawa. Ƙatuwar jaket ɗin gwanjo ta Tsohuwar Kasuwa a bar ta don zuwa aji. Safar hannu biyu, tocila, dabino, shayi a filas. Waya a aljihun ciki, don sanyi na cinye batir. A yi alwala tun daga gida, azahar da la'asar kusa suke da juna.

Amma babban abin tsorona kunyarmu ce. An tashe mu kan dauriya, namiji ba ya cewa ya gaji. Akwai wani yaro da muka fita da shi, yana karkarwa, zif ɗin rigarsa ya gagare shi ja, ina tambayarsa yana cewa "Lafiya lau, Yaya." Da na ji harshensa ya fara sarƙewa na ce kowa ya juya. Ransa ya ɓaci wai na kunyata shi gaban Turawa. Wanda sanyi ya shiga jikinsa ba ya gane halin da yake ciki, na kusa da shi ne ke ganewa. In karkarwar ta tsaya alhali bai ji ɗumi ba, abin ya yi muni ke nan.

Yatsun da suka yi fari suka mutu kuma, kada a murza su, kada a kara su a wuta kamar yadda muke jin ɗumi a ƙofar gida da hunturu. Fatar za ta ƙone mai ita bai ji ba. Ruwa mai ɗumi-ɗumi ake sa su, bayan an sauko.

In abu ya faru, a kira 999, a nemi 'yan sanda, a ce ana son masu ceto a dutse. 'Yan sa-kai ne, ba sa karɓar ko sisi, kuma kiransu da sauran haske ya fi musu sauƙi.