Yadda na bi da masu karɓar bashin da suka tasa ni gaba

Ina shagona a Kasuwar Barci ina yanka shadda, wani ya kira ya ce shi wakilin banki ne, ana bina naira 412,000, in ban biya kafin Juma'a ba zai zo da 'yan sanda. Katin bashi ne da na karɓa lokacin ina aikin albashi, na ci 150,000, aikin ya tsaya, na kasa ci gaba da biya. Washegari ya kira surukina a Tudun Wada. Wannan ya fi komai ƙona mini rai.

Bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma ban ce kada ka biya ba. Amma kada ka biya ko kwabo ta waya. Ka ce masa: "Malam, aiko mini a rubuce." Ka nemi sunan kamfaninsu, da takardar da banki ya ba su izinin karɓa, da lissafin da ya raba uwar kuɗi da ruwa da tara. Ni da na taka zuwa bankin da kaina na karɓi sitatimen, sai na ga abin da ake bina bai kai abin da ya faɗa ba. In za ka biya, asusun bankin za ka zuba, ba na wani mutum ba, ka kuma riƙe rasit.

Dalilin wannan taka-tsantsan shi ne, a dokar Jihar Kaduna, shekara biyar ke gare su su kai ƙarar irin wannan bashi kotu. In ka biya wani abu ko ka sa hannu cewa ka amsa, ƙirgen shekara biyar ɗin ya koma farko. Shi ya sa suke cewa "ko dubu biyar ce turo yau". Wa'adin kotu dai ba ya sauke nauyin da ke kanka a wurin Allah, amma yana ba ka bakin neman ragi. Ka ga lauya kafin ka sa hannu a komai.

Zancen 'yan sanda kuwa barazana ce. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama mutum don bashi kawai, ta kuma hana kama ɗan'uwa a madadinsa. Abin da ya kamata ka sa wa ido shi ne GSI, tsarin da Babban Banki ya fara a 2020: in ka taɓa sa hannu a kai, za su iya bin BVN ɗinka su cire kuɗi daga asusunka na wani banki.

Na ware wani tsohon littafin awo ina rubuta ranar kowane kira da abin da aka faɗa, saƙonnin zagi kuma na ɗauki hotonsu. Da su na rubuta wa bankin koke, na sa aka buga mini hatimi a kwafina. In sati biyu ya wuce shiru, ka kai wa sashen kare masu hulɗa da bankuna na Babban Banki. Kiran dangi da tozartawa kuma, FCCPC, hukumar tarayya mai kare haƙƙin masu sayayya, ake kai wa.

Daga baya mun zauna da manaja, aka yafe tarar, ina biyan 15,000 duk wata. Saura wata huɗu in karɓi takardar shaidar na gama.