Yadda ake tara ƙananan motocin fim a Saudiyya ba tare da zafi ya cinye maka su ba

Na ga samari da yawa a nan Jidda da Makka sun faɗa harkar tara ƙananan motocin ƙarfe irin na finafinai, kuma kusan duk hanya ɗaya suke bi su yi asara. Mutum zai fara da zumuɗi, duk motar da ya gani a shago ya ɗauka, wata ƙarama wata babba, rabinsu ma ba na fim ba ne fentin ne kawai ya yi kama, sai bazara ta shigo ya tarar da taya ta manne a roba, kwali ya kumbura, fenti ya koɗe. Daga nan sai ka ji ya ce harkar ɓarnar kuɗi ce. Wallahi ba ɓarna ba ce, tsari ne babu.

Da farko ka yanke girman da za ka riƙe kafin ka fitar da ko riyal ɗaya. Lambar nan da kake gani a jikin kwali, 1:64 ko 1:24, tana nufin sau nawa aka rage motar gaske. 1:64 ita ce irin ƙananan nan masu tambarin Hot Wheels da Matchbox, tsawonta wajen santimita 7. 1:43 ta ɗan fi ta, 1:24 tana kusan santimita 20, ita kuwa 1:18 tana kaiwa 25 ko fiye, ga nauyi ga tsada. In ɗakin haya kake kuna raba shi da abokan aiki, ka tsaya a 1:64, halas, kar ka ja magana. In kana da falonka to 1:24, a wajena ita ce girman da ya dace da motar fim, don ƙofofi da boneti suna buɗewa kuma ana ganin kayan ciki. Sabon shiga ba shi da abin yi da 1:18. Kuma kar ka gauraya, in ka jera ƙarama kusa da babba duk sai su zama kamar kayan wasan yara.

Bayan girma sai ka zaɓi gida ɗaya. Yawancin yaranmu da Fast and Furious suke farawa, kuma ba laifi, kamfanin Jada yana yin su da lasisi a 1:24 kuma ba su da wuyar samu a nan. Akwai baƙar Dodge Charger ta 1970 da Toyota Supra mai ruwan lemo na fim ɗin farko na 2001, akwai Nissan Skyline ta fim na biyu na 2003, akwai jar Lykan HyperSport da ta tsallaka tsakanin dogayen benayen Abu Dabi a na bakwai a 2015. Wannan kaɗai zai ɗauke ka shekara. Wani kuma motocin Batman yake bi, tun daga ta 1966 da George Barris ya ƙera daga Lincoln Futura. Wani tsofaffi yake so, DeLorean ta Back to the Future ta 1985, ko farar Cadillac ta 1959 da aka yi Ghostbusters da ita. Ko wanne ka ɗauka ka rubuta biyar da kake nema a wayarka, in ka shiga shago ka ga wadda ba ta cikin biyar ɗin nan ka wuce abinka.

To a nan ake cutar mutane: ba kowace baƙar Charger ce ta fim ba. Ta fim tana da wani injin hura iska da ya leƙo ta saman boneti, in babu shi to mota ce kawai. DeLorean kuma kala-kala ce, ta kashi na biyu tayoyinta suna kifewa don tashi sama, ta kashi na uku tana da taya mai farin gefe da wani akwati a kan boneti, saboda haka ka san wadda kake saya. Ka duba kwalin, ta asali za ka ga sunan fim ɗin da tambarin kamfanin da ya mallake shi a ƙananan rubutu a baya ko a ƙasa. Amma kar ka ce duk abin da ya saɓa wa fim jabu ne. Aston Martin DB5 ta James Bond a Goldfinger na 1964 ruwan azurfa ce, amma da kamfanin Corgi na Ingila ya fitar da ƙaramarta a 1965 ruwan zinare ya yi mata, da kujerar nan mai cilla mutum ta rufi, kuma ita ce manyan masu tarawa suke nema har yau.

Wani abu da nake so ka riƙe: shekarar da aka buga a ƙarƙashin Hot Wheels ba shekarar da aka yi wannan motar ba ce, shekarar da aka yi wa ƙirar rajista ce. Za ka iya ganin tsohuwar shekara a ƙasan motar da ta fito daga masana'anta bara. Masu sayarwa da yawa ko dai ba su sani ba ko sun sani sun yi shiru, sai su ce maka tsohuwa ce su ninka kuɗi.

Wajen saye, ka fara da manyan shagunan kayan wasa na mol, 'yar Hot Wheels ta gama-gari ba ta fi kuɗin farantin shinkafa buhari ba. Masu tayar roba da ƙasan ƙarfe, waɗanda ake rubuta Premium a kwalinsu, sun fi tsada amma yawancin na fim masu kyau a nan suke. Ana samu a shagunan intanet na Amazon da Noon, ana samun na hannu a manhajar Haraj, wani lokaci in ka yi haƙurin tono a kasuwar Sawarikh ta Jidda ko Haraj Ibn Ƙasim a Riyad sai ka ci karo da abin mamaki. In na hannu ne ka ce a turo maka hoton ƙasan motar da kusurwoyin kwali huɗu, wanda ya ƙi turowa ka bar shi. In daga waje za ka yi oda ka lissafa harajin kashi 15 cikin 100 da kuɗin aike tun kafin ka biya, kuma gara ku haɗu ku uku ku yi oda ɗaya. Na shagon abu riyalain kuwa, wato shagon kayan araha, ka saya wa ƙannenka su yi wasa, ba na ajiya ba ne.

Yanzu ga inda na fi so ka buɗe kunne, ajiya. Yawancin bayanan da za ka gani a intanet mutanen ƙasashen sanyi ne suka rubuta, su ba su san Makka tana wuce digiri 45 a bazara ba. Motar nan jikinta haɗin zinki ne da alminiyam, shi ƙarfen zai jure, amma taya roba ce, gilashinta roba ne, tambarin jikinta fenti ne siriri ko sitika. Tayar roba in ta daɗe zaune a kan faifan robar da ake ɗaure motar a kai, ga zafi, sai maiƙon da ke cikinta ya fito ya narkar da wurin su manne, in ka ja sai ta bar shaida ko ta yage. Maganin ba ya cin ko sisi, ka yanki 'yar farar takarda mai kauri ka sa ƙarƙashin kowace taya. Kar ka taɓa barin ƙaramar motar da ka sayo a cikin motarka ta hawa ka ce bari in shiga masallaci in fito, ko in tsaya cin abinci, cikin motar da aka faka a rana ya fi waje zafi nesa ba kusa ba, robar kwalin tana iya lanƙwashewa ta saki gam. Kar ka jera su a taga ko inda rana ke faɗowa da la'asar, ja da ruwan lemo su ne suke fara koɗewa, kuma Supra ɗin nan da kake ji da ita ruwan lemo ce. Kar ka sa su daidai bakin mukayyif, wato AC, ma, sanyi da zafi suna ta musanya sai raɓa ta taru a cikin kwali, musamman a Jidda da danshin teku ya yi yawa, shi ya sa nake cewa 'yan ƙullin nan na busar da danshi da ake samu a kwalin takalmi kar ka yar, ka zuba biyu-uku a kabad ɗin.

Sai turaren wuta. Gidajenmu ba a rabuwa da shi, kuma hayaƙinsa yana da maiƙo, yana kwanciya a kan fenti ƙura ta bi ta manne, tun kana gogewa yana fita har ya daina. Kabad mai ƙofar gilashi da ke rufuwa sosai shi ne dole, ba buɗaɗɗen kanta ba, kuma ka roƙi uwargida ko Hajiya ta riƙa ajiye kaskon nesa da shi. In za ka sa fitila a cikin kabad ɗin ka sa LED, ƙwai mai zafi bai dace ba. Babbar asarar kuma tana zuwa ne lokacin hutu, mutum ya tafi gida Kano ko Damagaram wata guda ya kashe mukayyif ya kulle ɗaki. Kafin ka tafi ka mayar da kowacce kwalinta, ka sa su a katan, ka ajiye a ƙasa a ɗakin da ya fi zama can ciki, nesa da bangon da rana ke duka, kuma dan Allah ba a sitoron saman bene ba.

Shara kuwa burushin kwalliya na mata mai laushi ya isa, sabo wanda ba a taɓa amfani da shi ba. Ba ruwa, ba turare, ba abin goge gilashi.

Maganar a buɗe ko kar a buɗe, ni dokata ita ce 1:64 tana zama a rufe a katin da ta zo a kai, 1:24 a fito da ita amma a adana kwalin da sukurorin da aka ɗaure ta da su, don ranar da za ka sayar ko ka yi musaya mota ba kwali darajarta faɗuwa take. Wasu suna zuwa da ɗan mutum-mutumin jarumin fim, mutanenmu da yawa ba sa son jera shi a ɗaki, to ka bar shi a cikin kwalin kar ka yar. Ka riƙa ɗaukar hoton kowacce da kuɗin da ka saye ta don kar ka sayi iri ɗaya sau biyu. In kuma tafiya gida ta kama gaba ɗaya, masu tsadar ka naɗe su da riga ka sa a jakar hannu, sauran su bi kago a katan mai kauri, ka cusa takarda a duk wani gurbi yadda ko an girgiza ba za su motsa ba.