Yadda za ka ci abinci mai kyau in ka je Kalaba

'Yan Jos tun da na dawo kuke ta tambayata, to ga shi:

1. Kana sauka ka nufi Bogobiri, unguwar Hausawa ce, su za su nuna maka inda ake yankan Musulunci.
2. Fara da miyar afang (miyar ganye ce ta can) da teba.
3. Kafin a zuba maka tambayi naman mene ne a ciki. Hattara, nan ake kuskure, in ka ji an ce 404 to naman kare ne, kar ka ji kunyar tambaya.
4. In kana shakka ce a sa maka kifi kawai.
5. Nemi ekpang nkukwo, gwaza ce ake gurzawa a naɗe cikin ganye a dafa da manja, wallahi ita ta fi min daɗi.
6. Riƙe ruwan gora, zafin can ba irin na Jos ba ne.