Idan harshen ƙofa ya ƙi kamawa

Fara da gane yadda abin yake aiki. Harshen nan na ƙarfe da ke leƙowa a gefen kyaure, fuskarsa ɗaya a karkace take. In ka tura ƙofa, gefen nan mai karkata ya gogi farantin ƙarfen da ke jikin firam, harshen ya ja baya, ya danne sifirin ɗin da ke bayansa. Da ya iso ramin farantin, sifirin ya tunkuɗo shi ciki. Ɗaya fuskar a miƙe take, shi ya sa ba ya fita sai an murɗa hannun ƙofa.

Da farko, buɗe ƙofar ka danna harshen da yatsa. In bai dawo da sauri ba, datti ne ko sifirin ya mutu. Goge harshen, ka goga masa bakin fensir. Na fi son wannan a kan mai, don mai na tara ƙura.

In yana dawowa lafiya, to saiti ne ya goce. Shafa alli a bakin harshen, rufe ƙofar a hankali, ka duba inda allin ya taɓa farantin. In ƙasa da ramin ne, kyauren ya sunkuya: ɗaure sukurorin maƙalin sama, wato ƙarfen da ya haɗa kyauren da firam, da sukundireba, sau da yawa nan maganar take ƙarewa.

In gocewar kaɗan ce, cire farantin ka faɗaɗa ramin da magagari, kaɗan-kaɗan, kana gwadawa. In ta yi yawa, matsar da farantin, ka toshe tsofaffin ramukan sukuru da 'yan itatuwa kafin ka huda sababbi.