Hawan Farko Kan Babur Na Hannu: Raba Halinsa Da Cutarsa

Babur na doguwar tafiya ba abin wasa ba ne wajen nauyi. BMW R1200RT ya haura kilo 250, Honda Gold Wing kuwa ya wuce kilo 350. In na hannu ka saya, duk baƙon abin da ka ji a hawan farko ɗayan biyu ne: ko halin babur ɗin ne da za ka saba da shi, ko cuta ce da mai shi na da ya bar maka. Aikin ranar farko shi ne raba su.

Kafin ka tada inji, durƙusa ka duba taya. A gefenta akwai rubutun DOT, lambobi huɗu na ƙarshensa su ne mako da shekarar da aka yi ta: 2319 na nufin mako na 23 na 2019. Tayar da ta haura shekara shida ta fara bushewa ko da zanenta bai cinye ba, kuma irin waɗannan babura sukan daɗe a ajiye. Auna iska tun taya tana da sanyi. Da yawansu suna son wajen psi 36 a gaba, 42 a baya, amma bi abin da aka rubuta a jikin naka. Man birki in ya yi duhu ya tsufa, ya sha danshi, da ma duk shekara biyu ake canza shi. Shafa yatsa a sandunan shokozoba na gaba; in ka ji maiƙo, robar da ke riƙe mai ta mutu, kuma man yana iya gangarowa kan birki. Batir lafiyayye yakan nuna wajen bolt 12.6 a kashe, 13.5 zuwa 14.5 in inji na aiki.

Fara da fili marar jama'a, ba goyo, ba kaya a akwatuna. Nan ne nauyin yake nuna kansa, don yawancin faɗuwar sabon hannu a tafiyar hawainiya take faruwa, ba a guje ba. Riƙe kuloci a daidai inda ya fara kamawa, ba shi ɗan totur wanda ba ya hawa ba ya sauka, sannan ka daidaita gudu da birkin baya. Idonka ya tafi inda kake son zuwa, ba ƙasa ba. Kada ka damƙe birkin gaba alhali kan babur a juye yake: gaban zai nutse, babur ya kwanta ta ɓangaren da ka juya, kuma in kilo 300 ya fara kwanciya, ƙafa ɗaya ba ta tare shi. Wannan duka hali ne. Amma in kan yana ɗan maƙalewa a tsakiya sa'ad da kake juya shi, boris ɗin wuya ne ya ci rami, sai makanike.

Daga nan ka hau titin da ka sani, kilomita 30 zuwa 40 sun isa. Bi giya ɗaya bayan ɗaya har ta ƙarshe. A giyar sama, kana tafiya a hankali, buɗe totur sosai: in ƙarar inji ta tashi amma gudu bai ƙaru ba, kuloci na zamewa. Saki totur wajen kilomita 60 zuwa 70 a awa, hannuwanka na kan babur amma a sassauce. Kan babur ya fara kaɗawa? Fara zargin tayar gaba da iskarta, kafin boris. Birkin da ke bugun hannunka a tsayawa ta hankali alama ce ta faifai ya lanƙwashe. Bugun ABS, wato na'urar da ke hana taya kullewa in an taka birki, sai an taka da ƙarfi yake zuwa.

Iska mai dukan hular kwano tana girgiza maka kai, wannan yawanci tsayin gilashin gaba ne bai dace da naka ba. Gwada saita shi bakinsa na sama ya zo daidai hancinka, ka riƙa hangen hanya ta samansa. Zafin inji a ƙafa cikin cunkoso ma hali ne, muddin fanka na tashi kuma ma'aunin zafi bai kai ja ba.

Da ka dawo, ajiye shi a kan siminti mai tsabta. Kai bayan hannu kusa da faifan birki ba tare da ka taɓa ba. Wanda ya fi ɗan'uwansa zafi sosai, birkinsa na kamewa. In mai shaft ne, wato sandar ƙarfe ce ke juya tayar baya maimakon sarƙa, leƙa gindin tayar baya ko akwai maiƙo. Washegari kuma ka duba ƙasa ka ga ko wani abu ya ɗiga, da kuma daga ina.