Yadda ake riƙe lissafin jinyar wanda ya yi haɗari a Kumasi

Idan pragya (keke mai ƙafa uku) ko okada ta buge mutum a Aboabo ko Asawase, a kira 112, ko a garzaya da shi sashen gaggawa na asibitin Komfo Anokye, wanda aka fi sani da Gii. Tun a ranar a zaɓi mutum guda mai natsuwa cikin dangi, a ba shi littafi da biro.

A shafin farko ya rubuta rana, lokaci, takamaiman wurin, lambar abin hawan, ko akwai hular kwano, da lambobin wayar shaidu biyu. A kai rahoto ga 'yan sandan MTTD masu kula da zirga-zirgar ababen hawa, a karɓi takardar da likita zai cike. In babu rahoton 'yan sanda da na likita, kamfanin inshora ba zai saurare ku ba. Abin da ya fi cutar da mutanenmu shi ne sulhun bakin titi: direba ya miƙa sidi 200, a ce Allah ya kiyaye gaba, bayan kwana uku hoto ya nuna karaya, direban kuwa ya yi layar zana.

Sauran shafukan a raba su gida uku. Gidan farko na asibiti ne: hoton ƙashi, gwajin jini, ƙarfen da ake sa wa karaya, da maganin da aka sayo a waje. Na biyu kuɗin trotro (motar haya), abinci da wankin ciwo. Na uku shi ake mantawa, alhali sau da yawa shi ke karya gida: kwanakin da mai ciwo bai fita nema ba, da na matar da ta rufe tebur ɗin kokonta don zaman jinya. A ninka kwanakin da abin da kowannensu ke samu a yini. A gefe a nuna inda kuɗin ya fito, susu (adashe) ne, bashi ne, ko keken ɗinki aka sayar.

Rasit ɗin inji yana goguwa cikin 'yan watanni, musamman a aljihu mai gumi, don haka a ɗauki hotonsa nan take. Kada a share saƙonnin MoMo, wato na tura kuɗi ta waya. A sabunta katin inshorar lafiya ta ƙasa, NHIS, ta *929# tun ana lafiya, kuma a sani bai ɗauke komai ba. Ƙafar roba, alal misali, ba ta ciki. In motar ta tsere ko ba ta da inshora, a nemi asusun diyya da ke ƙarƙashin hukumar inshora ta ƙasa, NIC. 

Wanda aka kai wurin mai ɗori ma a rubuta nasa. (Karayar da ƙashi ya huda fata dai asibiti ake kai ta, kuma ɗauri mai tsanani kan kumburi yana tsayar da jini har gaɓa ta mutu.) Waɗanda aka kai wurin mai ɗori ba sa shiga kundin asibiti, shi ya sa masu binciken raunuka ke bi gida-gida. Kwamitin zango zai iya tara littattafan wata shida, ya cire sunaye, ya ƙirga mahaɗar da ta fi jikkata mutane da sa'ar da abin ke faruwa, sannan ya kai wa ɗan majalisar unguwa da hukumar kiyaye haɗurra ta NRSA, ya nemi tudun rage gudu ko fitila a daidai wurin.