Kurakuran da mata masu goyo suka fi yi wajen zaɓen aiki

Idan mace mai ƙananan yara ta tashi neman aiki, ko sauya wanda take yi, tambayar da ta fi yi ita ce wane aiki ne ya dace da mai raino. Amsar kuwa a haddace take a bakin kowa. A ce mata ta kama koyarwa, ana tashi da wuri ga dogon hutu. Ko aikin jinya, ba a rasa gurbi. Ko aikin intanet, tana ɗakinta kuɗi na shigowa. Kuskuren farko a cikin tambayar yake, domin da suna ake zaɓen aikin, alhali abin da ke sa uwa ta ji daɗin aiki ko ya fita mata a rai shi ne yadda aka tsara lokacinsa, da kuma wanda ke da iko a kan lokacin.

Duba koyarwa. Gaskiya ne malama tana barin aji da sauran rana, amma tana tafiya da tulin littattafan da za ta duba, da darasin gobe da ba ta shirya ba. Sannan darasin ƙarfe takwas na safe ba ya matsawa ko da minti goma. Ranar da ta farka da asuba ta taɓa goshin yaro ta ji zafi rau, kafin takwas sai ta samo mai zama da shi ko mai shiga aji a madadinta, waya a kunne, yaro a kafaɗa, takalmi ƙafa ɗaya. Ma'aikaciyar jinya aikinta ya fi gajiyar jiki, har da kwana, amma da zarar ta miƙa marasa lafiya ga wadda ta karɓe ta, ta gama. Ba ta komawa gida da aiki a jaka, kuma sau da yawa tana iya musayar rana da abokiyar aiki. Wata uwar wannan ne ya fi mata sauƙi. Wata kuwa kwanan asibitin ne zai karya ta, in ba ta da mai kwana da yara.

Claudia Goldin, masaniyar tattalin arziki a Jami'ar Harvard wadda ta samu kyautar Nobel a 2023, ta daɗe tana bin diddigin wannan al'amari. Bincikenta ya nuna cewa mafi yawan tazarar da ke tsakanin abin da maza da mata ke samu a sana'a ɗaya tana buɗewa ne bayan haihuwar ɗan fari. Tazarar ta fi faɗi a ayyukan da ake biyan mutum da tsoka don a same shi a kowane lokaci, irin su manyan ofisoshin lauyoyi da harkar hada-hadar kuɗi, inda mai hulɗa ke cewa shi fa sai wane, kuma yanzu-yanzu. Ta kawo misalin masu harhaɗa magunguna a Amurka, inda tazarar ta yi ƙanƙanta ƙwarai. Dalili kuwa bayanan majinyaci suna cikin kwamfuta, duk wanda ke bakin kanta zai iya sallamar mai takardar magani. Wadda ta rage awoyinta a wannan sana'a, abin da ke raguwa a albashinta kusan daidai yake da awoyin da ta rage, ba a ci ta tara a kai.

Saboda haka, 'yar'uwa, kafin ki tambayi sunan aiki, tambayi waɗannan. In ban zo ba, akwai wanda zai tsaya mini ba tare da komai ya lalace ba? Kwana nawa kafin lokaci ake fitar da jadawalin aiki? In an tashi an tashi ke nan, ko aikin yana bin mutum har gado ta waya? Tambaya ta biyu ana yawan mantawa da ita, kuma a ganina ta fi yawan awoyin muhimmanci. Awa takwas da kika san lokacinsu tun wata guda baya sun fi awa biyar da sai daren jiya za a faɗa miki, domin mai raino ma mutum ce, tana da nata tsarin. Kuma kada ki dogara da amsar mai yi miki tambayoyin ɗaukar aiki, shi tallar wurin yake yi. Nemi matar da ke aiki a wurin tana da ɗan shekara biyu, ki tambaye ta abin da ya faru ranar ƙarshe da yaronta ya kwana ba lafiya.

Aiki daga gida

Wannan ne ya fi ruɗar mutane. Mace ta samu aikin da za ta yi a kwamfuta daga ɗakinta, sai ta ɗauka ta huta da neman mai raino. Taura biyu ba ta taunuwa. Jariri sabon haihuwa yana shan nono sau 8 zuwa 12 a kwana guda, ba kuma bisa agogonki ba. Wanda ya fara tafiya ya fi shi rikici. Kina tsakiyar taron bidiyo, an zo kan naki bayanin, kin buɗe baki ke nan sai ki ji shiru ya yi yawa a bayanki, ki waiga ki gan shi ya jawo wayar caja yana ƙoƙarin kai ta baki. Ki kashe makirfo, ki tashi, ki dawo an wuce wurin. Abin da ba a yi da rana ba sai a tura shi dare, bayan yara sun yi barci, wato daga barcinki ake yanko shi. Mako biyu za ki jure. Wata shida kuwa jiki zai gaya miki.

Abin da aikin gida ke sawwaƙa miki shi ne zirga-zirgar hanya, da kasancewa kusa in an buƙace ki, da sauƙin shayarwa. Waɗannan ba ƙananan abubuwa ba ne. Amma sai an ware awoyi, ko da uku ko huɗu ne a jere, da wani zai riƙe yaron ke kuma ki rufe ƙofa. Akwai ma kamfanonin da ke rubutawa a yarjejeniya cewa sai ma'aikaci yana da mai kula da yara a lokacin aiki. A kuma bambance ayyukan gidan, don ba ɗaya suke ba. Fassara, gyaran rubutu, ajiye lissafin kuɗin ƙananan kamfanoni, zanen talla, rubuta manhaja, duk ana auna su ne da abin da kika miƙa ranar da aka yi alkawari, ba ruwan kowa da lokacin da kika yi su. Amsa kiran abokan ciniki ko koyarwa kai tsaye ta intanet kuwa, a gida ake yi amma ɗaure kike a kujera, da sharaɗin kada a ji kukan yaro. Wannan ofis ne aka kawo miki ɗaki.

A wannan fagen ne kuma masu romon baka suka fi farauta. Duk sana'ar da aka ce ki fara biyan kuɗin rajista, ki sayi kayan da za ki jibge a ɗaki, sannan ribarki ta dogara da jawo wasu mata su shigo ƙarƙashinki, to ki sani kuɗin daga na ƙasa yake haurawa zuwa na sama, kuma ke ce ta ƙasa. Masu goyo ake nema da gangan, don an san suna gida kuma suna son abin kansu. Tambaya ɗaya ta ishe ki: in ban kawo kowa ba, na sayar da kaya kawai, me zai rage mini bayan na cire abin da na kashe? Ki lura da yadda za a kauce wa amsar.

Rage kwanaki ba a rage kaya ba

Mace ta dawo daga hutun haihuwa ta roƙi a mayar da ita kwana uku a mako maimakon biyar. Aka amince, aka yanke albashi daidai gwargwado, kowa ya yi murna. Sai dai ba wanda ya ɗauke ko fayil ɗaya daga teburinta. Aikin kwana biyar take dannawa cikin uku, ragowar tana ƙarasawa a ranakun da ba a biyanta. An gudu ba a tsira ba.

Gyaran shi ne a fara da kayan kafin kwanakin. Rubuta duk abin da kike yi a mako, ki zauna da shugabanki a ja layi a kan abin da zai bar hannunki, a kuma rubuta sunan wanda zai karɓa. Aikin da ba a faɗi mai karɓarsa ba, naki ne har yanzu. In wurin yana yarda mutum biyu su raba gurbi ɗaya, wannan ya fi tsafta, don ranar da ba kya nan akwai mai zama a kujerar. Ki kuma tambayi abin da zai faru da fansho da hutun shekara da ƙarin girma. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya tana da yarjejeniya mai lamba 175 ta 1994, wadda ta ce kada a biya mai aikin rabin lokaci ƙasa da abin da takwaransa na cikakken lokaci ke samu a kowace awa don kawai awoyinsa sun ragu, sai dai ba kowace ƙasa ce ta rattaba mata hannu ba.

Lissafin da ake yi wa albashinta ita kaɗai

Za ka ji ana cewa, in an cire kuɗin raino da na mota daga albashinta ba abin da ke raguwa, gara ta zauna. Lissafin yana da gurgunta biyu. Na ɗaya, yaron na mutum biyu ne, kuma rainon ne ke ba su damar fita su biyun, don haka daga abin da ke shigowa gida gaba ɗaya ya kamata a cire shi. Na biyu, kuɗin raino mai nauyi na 'yan shekaru ne, yana sauka da zarar yaro ya shiga makaranta, amma shekarun da aka rasa na fansho da ƙwarewa da ƙarin girma suna bin mace har tsufa. A Danmak, ƙasar da ta yi suna wajen gidajen raino da hutun haihuwa, binciken Henrik Kleven da abokansa ya gano cewa abin da mata ke samu yana sauka da kusan kashi 20 cikin ɗari idan an kwatanta da na maza bayan haihuwar fari, kuma tazarar ba ta rufewa ko bayan shekaru. Komawa ma ba sauƙi gare ta ba. A wani gwaji da aka wallafa a Amurka a 2007, an aika wa ma'aikatu takardun neman aiki masu cancanta iri ɗaya, sai aka kira mata marasa 'ya'ya kusan ninki biyu na matan da takardarsu ta nuna iyaye ne.

Ba ina cewa wadda ta zaɓi zama da 'ya'yanta ta yi kuskure ba. Zaɓi ne mai daraja, wani lokacin ma shi ne kaɗai mai yiwuwa. A dai yi shi da cikakken lissafi. Wadda ta zauna kuma kada ta bar zaren ya tsinke: ta ci gaba da sabunta lasisinta in sana'ar mai lasisi ce, don farfaɗo da wanda ya mutu ya fi wuya, ta riƙa gaisawa da tsofaffin abokan aiki, ta ɗan karɓi ƙaramin aiki jefi-jefi.

Akwai kuma aikin da ke jiran ta in ta dawo gida. Rahoton Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya na 2018 ya ce mata na kashe awa 4 da minti 25 a rana kan hidimar gida da kula da iyali wadda ba a biya, maza kuwa awa 1 da minti 23. Komai kyawun aiki, in wannan rabon bai motsa ba, gajiyar na nan. Cewa maigida ya riƙa taimakawa ba ya kai ko'ina, don ba a san me ake nufi ba. A raba da suna: wa ke kai yara da safe, wa ke ɗauko su, wa zai bar aiki ranar zazzaɓi na farko, wa zai bari a na biyu. Ƙananan yara kan yi mura sau 6 zuwa 8 a shekara, waɗanda ke gidan raino sukan fi haka, don haka wannan rana tana tafe, ba tsautsayi ba ce.

Abin da aka faɗa da baki

Da yawa ba sa karanta dokar ƙwadago ta ƙasarsu ko littafin ƙa'idojin ma'aikatarsu sai ciki ya tsufa. Ma'aunin duniya shi ne yarjejeniyar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya mai lamba 183 ta 2000: hutun haihuwa aƙalla mako 14, biya bai gaza kashi biyu bisa uku na albashi ba, da lokacin shayarwa a cikin awoyin aiki wanda ake biya. Ƙasashe sun bambanta nesa ba kusa ba. A Amurka dokar tarayya ta 1993 mako 12 ta bayar, ba biya, kuma ba kowa ta shafa ba. A Birtaniya tun Afrilun 2024 ma'aikaci na da haƙƙin neman sassaucin lokaci daga ranar da ya kama aiki.

Lura da wani gibi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shayar da nono zalla wata shida, mako 14 kuwa wata uku ne da 'yan kwanaki. Wadda ke son cike wannan sai ta tatsa a wurin aiki, kuma wannan yana buƙatar ɗaki mai ƙofa, ba banɗaki ba, da wurin sanyaya. Nonon da aka tatsa yana kai awa 4 a ɗakin da zafinsa bai wuce digiri 25 ba, a firji kuma kwana 4. Fara gwaji mako biyu ko uku kafin ranar komawa, don wani jaririn ba ya karɓar kofi ko kwalba da wuri, kuma galibi ya fi karɓa daga hannun wani ba naki ba.

Duk abin da shugabanki ya amince da shi, na lokacin tatsa ne ko na tashi ƙarfe uku, ki bi shi da imel a ranar. Shugaba na sauyawa, wanda zai zo bai ji alkawarin ba. Wajen rubuta buƙatar kuma kada ki cika ta da bayanin wahalar da kike sha, ba shi ne zai sa a sa hannu ba. Faɗi awoyin da kike so, faɗi yadda aikin zai tafi a lokacin da ba kya nan da wanda zai amsa in abu ya taso, sannan ki ba da shawarar a gwada na wata uku, ki sa ranar da za a zauna a duba. Shugaban da ke tsoron amincewa da sauyi na dindindin yakan yarda da gwaji, ke kuma ki riƙa ajiye shaidar ayyukan da kika kammala a kan lokaci, ki shiga da ita wancan zaman.